Kundin aikin wuƙar fere kifi: ruwan da zai tanƙwaru ya dawo

4 ga Fabrairu

Ƙarfen ya iso yau: sanduna biyu na AEB-L, wani ƙarfe mara tsatsa, kowace tsawon mita ɗaya, faɗi milimita 40, kauri milimita 2. Wuƙaƙe uku nake son fitarwa na fere kifi, ruwan kowace santimita 18, irin wadda za ta kwanta a jikin ƙaya ta bi ta har wutsiya, in an ɗaga ta kuma ta miƙe sak, kaifinta bai dakushe a kifi na biyu ba.

Na zaɓi AEB-L ne saboda asalinsa ƙarfen reza ne, na kamfanin Uddeholm na ƙasar Suwidin. Kabon ɗinsa kusan kashi 0.67 cikin 100 ne, kuromiyam kashi 13. Wannan haɗin yana sa ƙwayoyin kabaid da ke cikinsa, wato ƙwayoyi masu tauri da kabon ke yi in ya haɗu da kuromiyam, su zama ƙanana ƙwarai, shi ya sa yake ɗaukar siririn kaifi kuma ba shi da gautsi irin na 440C, wani ƙarfen wuƙa mara tsatsa, wanda kabon da kuromiyam ɗinsa suka fi yawa, kabaid ɗinsa kuma manya ne.

Wuƙaƙen da na yi a baya duk na ƙarfe mai tsatsa ne. A can sai in gasa har maganaɗisu ya daina kamawa, in ƙara kaɗan, in tsoma a mai. Wannan dabara ba ta aiki a nan. Maganaɗisu yana sakin ƙarfe ne a wajen digiri 770 na Salsiyos, shi kuwa wannan sai ya kai tsakanin 1050 da 1080 kafin kabaid ya narke ya saki kabon da kuromiyam a cikin jikin ƙarfen. Ido ba ya iya raba 1040 da 1080, don haka da tanderun lantarki mai ma'auni zan yi aiki.

Shirina: sanda ɗaya gaba ɗaya ta tafi a gwaji, ɗayar ta zama wuƙaƙe. Tunanina a yanzu shi ne in sassauta taurin ya sauko wajen 55 a ma'aunin Rockwell, wato ma'aunin taurin ƙarfe, don ruwan ya samu laushin tanƙwaruwa.

6 ga Fabrairu

Na yanka gutsattsarin gwaji 14, na buga wa kowanne lamba. Na goge allunan alminiyam biyu masu kaurin milimita 25 har fuskokinsu suka haɗu babu rata, domin a tsakaninsu zan matse ƙarfen in ya fito daga wuta ya huce da sauri.

9 ga Fabrairu

Gashin farko, kuma bai yi ba.

Na sa lamba 1 da 2 a ambulan ɗin takardar ƙarfe, na ninke bakin sau ɗaya, na zura a tanderu a 1060 na minti 15. Amfanin ambulan ɗin shi ne hana iska taɓa ƙarfen, domin a wannan zafi iskar oksijin tana cinye kabon ɗin da ke saman fatarsa. Da na buɗe bayan ya huce, sai na tarar da baƙin ɓawo ya rufe gefe guda, daidai inda ninkin ya buɗe da zafi ya kama shi. Na sa magagari a wurin, ya ci kamar yana cin ƙusa. Sai da na wasa wani abu daga saman kafin na isa inda magagarin ya fara zamewa.

Matsala ta biyu daga hannuna ta fito. Allunan na can kan wani teburi, taku huɗu daga tanderun, awartakin kuma bakinsa gajere ne, ambulan ɗin ya kuɓuce mini ya faɗi ƙasa. Kafin in ɗauka in matse shi tsakanin allunan, lokaci mai yawa ya wuce. Irin wannan ƙarfe ba ya bukatar mai ko ruwa, amma yana bukatar ya sauko ƙasa da digiri 600 cikin minti ɗaya zuwa biyu. In ya yi jinkiri a tsakani, kuromiyam yakan sake haɗuwa da kabon a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, a yi asarar tauri, a yi asarar kariya daga tsatsa a lokaci guda.

Na jawo teburin allunan ya manne da tanderun. Na sake awartaki mai dogon baki.

10 ga Fabrairu

Babu wuta yau. Na yi ta maimaita tafiyar daga bakin tanderu zuwa alluna da ambulan mai sanyi, har hannuna ya saba.

13 ga Fabrairu

Lamba 3 da 4. Wannan karon ninki biyu a kowane baki, na murje shi da gindin guduma. Sun fito fes, launin toka mai haske, babu ɓawo. Magagari ya zame a kansu, na ji daɗi.

Na kai su wurin wani dattijo mai aikin injina da ke da na'urar auna tauri. Ya juya gutsuren a hannu ya ce, "Ɗana, wannan bai kwanta ba. Je ka goge fuska biyun su daidaita tukuna, in ba haka ba ƙarya na'urar za ta faɗa maka." Na'urar tana danna tsinin daimon ne a jikin ƙarfe da nauyin kilo 150, ta auna zurfin da ya shiga, saboda haka ko ɗan lilo gutsuren ya yi a ƙarƙashinta lissafin ya ɓaci. Na goge na dawo. Sakamako: 56 da 57, alhali ban ma yi gashin sassautawa ba, wato sake gasawa a ƙaramin zafi don rage gautsi, wanda ke rage tauri. Ya kamata a ce sun haura 60.

Na ce, "Baba, to zafin ne ya yi kaɗan ko ya yi yawa?" Ya ce duka biyun suna iya ba da wannan lamba, in koma in tambayi tanderuna.

Gaskiyarsa. Na ari wata wayar auna zafi na zura ta ramin ƙofa, na ajiye bakinta daidai inda nake kwantar da ƙarfe. Wayar tanderun tana sama ne can baya, kusa da wayoyin da ke ba da zafi. A lokacin da allonsa ya fara nuna 1060, ƙasan kusa da ƙofa bai wuce 1020 ba. Sai bayan kusan rabin awa wuraren biyu suka matso kusa da juna, da ratar digiri goma. Ashe ni da zarar na ga lambar ta cika sai in zura ƙarfe in fara ƙirga minti, bulon tanderun ma bai gama ɗaukar zafi ba. A irin wannan zafi kabaid kaɗan ne ya narke, kabon ɗin da zai taurara ƙarfen yana nan a ɗaure.

Daga yau: tanderu ya zauna minti 40 a kan lamba kafin komai ya shiga, ƙarfe ya tsaya a tsakiya a kan mazaunin tangaran, ƙirga kuma ba ta farawa sai zafin ya dawo bayan rufe ƙofa.

17 ga Fabrairu

Ranar da na fi koyon abu tun da na fara. Gutsattsari shida, biyu a 1040, biyu a 1060, biyu a 1080, kowanne minti 15. Daga kowane biyu, ɗaya ya tsaya a zafin ɗaki, ɗaya ya wuce kai tsaye cikin busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon, da aka jiƙa da sifirit, wadda sanyinta ke kai digiri 78 ƙasa da sifili, na awa ɗaya.

A 1040 na samu 60 babu ƙanƙara, 61 da ƙanƙara. A 1060, 61 da 63. A 1080 wanda bai shiga sanyi ba ya koma 60, ɗan'uwansa da ya shiga ya ba da 63.

Wannan komawa baya a 1080 ita ce amsar maganar Baba. In ƙarfe ya yi zafi, tsarin cikinsa yana zama abin da ake kira ostenait. In aka sanyaya shi da sauri, ostenait ya juye ya zama matensait, wanda shi ne mai taurin. To amma iya yawan kabon da kuromiyam da suka narke, iya yadda zafin da juyin ke kammaluwa yake yin ƙasa, har ya gangara ƙasa da zafin ɗaki. Sai wani kaso na ostenait ya maƙale bai juye ba, shi kuwa mai laushi ne. Ƙanƙarar ce ke ƙarasa masa tafiyar. Kuma ba a jinkirta ta, domin in ƙarfen ya daɗe a ajiye, ragowar ostenait ɗin yakan zauna daram ya ƙi juyawa. Ruwan naitirojin ya fi sanyi nesa, digiri 196 ƙasa da sifili, amma adana shi wani aiki ne daban, kuma ga ƙarfe mai sauƙin haɗi irin wannan ban ga ina bukatarsa ba.

Na tsaya a 1060 da ƙanƙara.

Asara ɗaya: na sayo ƙanƙarar tun jiya da yamma, da safe kusan rabinta ta tashi ta bi iska. Nan gaba ranar aiki zan sayo ta. Na kuma bar taga a buɗe duk tsawon aikin, tunda hayaƙinta iskar kabon ce zalla, ga sifirit kuma kusa da tanderu mai zafi ba abin wasa ba ne. Na kai kwanon can ƙarshen ɗakin.

20 ga Fabrairu

Na karya lamba 4 da lamba 8 a mamatsi don in ga ƙwayar ciki. Duka biyun sumul, toka-toka kamar karyayyen tangaran, babu ƙyalƙyalin manyan ƙwayoyi. Zafin bai wuce kima ba ke nan.

Lamba 11 zuwa 14 sun sha 1060 da ƙanƙara, sannan gashin sassautawa, awa biyu sau biyu, ana barin su su huce a tsakani. A 150 na samu 62, a 175 na samu 61, a 200 na samu 60, a 260 na samu 58. Lambar 55 da nake nema ba ta zo ba, kuma ba zan bi ta da ƙarin zafi ba. In aka doshi 450 zuwa sama, irin wannan ƙarfe yana yin gautsi, kuromiyam ɗinsa kuma ya fita daga aikin kare tsatsa.

Ina ta tunanin yadda zan samu tanƙwaruwa tunda taurin ya ƙi sauka yadda nake so.

24 ga Fabrairu

Kafin in ci gaba da neman laushi, na ce bari in auna abin da laushin ke ƙarawa. Daga ragowar sandar farko na yanka filaye huɗu, kowanne faɗi milimita 15, tsawo 200. Na farko na bar shi ɗanye yadda ya zo. Na biyu ya sha sassautawa a 260, wato 58. Na uku da na huɗu a 150, wato 62. Na matse kowanne a gefen teburi, milimita 150 a waje, na rataya kilo ɗaya a bakinsa, na auna yadda ya sunkuya.

Ɗanyen: milimita 5.5. Mai 58: milimita 5.5. Mai 62: milimita 5.5. Na ɗauka kuskure na yi, na sake ɗaurawa na sake aunawa sau uku. Ko gezau.

Gani ya kori ji. Na sha karanta cewa ƙarfin da ƙarfe ke turjewa da shi in ana lanƙwasa shi kusan ɗaya ne ko an taurara ko ba a taurara ba, amma hannuna bai taɓa yarda ba, domin duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya mai laushi ya san tana bin hannu. Abin da ban rarrabe ba shi ne bin hannu daban, tanƙwaruwa ta dawo daban. Da na ci gaba da dannawa da hannu, ɗanyen ya lanƙwashe tun da wuri ya zauna a haka, bai dawo ba. Mai 58 ya yi nisa sosai kafin ya riƙe ɗan karkata. Mai 62 ya fi shi nisa yana dawowa sak, har na kai shi inda ya ce ƙas, ya rabu biyu, gutsure ya tashi ya bugi gilashin da ke fuskata. Tauri ba ya canza nauyin da za a sa kafin ruwa ya sunkuya. Abin da yake canzawa shi ne nisan da ruwan zai je ya dawo, da kuma abin da zai faru in an wuce wannan iyaka: mai laushi ya lanƙwashe, mai tauri ya karye.

Sai na ɗauki fili na huɗu, mai 62, na wasa shi a hankali zuwa kaurin milimita 1.6. Kilo ɗayan nan ya sunkuyar da shi kusan milimita 11, ninki biyu, don rage kashi ɗaya cikin biyar kawai na kauri. Na ƙara wasawa zuwa milimita 1. Ya sunkuya sama da milimita 40, na cire nauyin ya miƙe tsaf. Lissafin ya nuna haka dama: ƙarfin turjiya yana tafiya ne da kauri sau kauri sau kauri, don haka rabin kauri yana ba da kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar. Ga wani ƙarin alheri, siririn ruwa yana iya yin lanƙwasa mai tsanani ba tare da fatarsa ta miƙe har ta gaji ba, saboda fatar tana kusa da tsakiyar ƙarfen.

Da na bi shirina na farko, da na fito da wuƙa mai kauri wadda ba ta tanƙwaruwa, ga saurin dakushewa, in an matsa mata kuma ta karkace ta zauna. Na soke 55. Zan sassauta a 200 in tsaya a 60, don ya rage ɗan danƙo idan tsini ya ci karo da ƙashi, tanƙwaruwar kuma in nemo ta a injin wasa.

27 ga Fabrairu

Na fitar da siffar wuƙaƙe uku daga sanda ta biyu, na huda ramukan ƙusoshin ƙota tun ƙarfen yana ɗanye. Ban wasa gangaren kaifi ba. Alluna suna bukatar fuska shimfiɗaɗɗiya da za su taɓa ko'ina, siririn baki kuma ya fi saurin murɗewa a wuta.

2 ga Maris

Na taurara ukun, na rasa ɗaya.

Na barbaɗa musu ɗan farin hoda kafin ambulan don kada takardar ta manne. Daga tanderu zuwa alluna babu tangarɗa, na hau kan allon sama da nauyina minti biyu. Da na yanke ambulan, ta farko miƙaƙƙiya, ta biyu da ɗan baka, ta uku ma haka. Na zuba su cikin ƙanƙara a sake, ba tare da na ɗaure su da komai ba. Da suka fito, bakan ta biyu ya kai milimita 2 a tsakiya, na ta uku ya kusa 4.

Ta biyu na bi ta da haƙuri. Bayan sassautawar farko na ɗaure ta a jikin miƙaƙƙen ƙarfe mai kusurwa, na sa 'yan siraran ƙarafa a ƙarƙashin bakin biyu don in ɗan wuce da ita ɗaya ɓangaren, ta shiga zagaye na biyu a haka. Ta fito saura kaɗan, wanda wasawa zai ɗauke.

Ta uku ce na yi wa gaggawa. Tun kafin ta shiga sassautawa ko sau ɗaya, tana kan 63, sabon matensait cike da matsi, na sa ta a mamatsi tsakanin ƙusoshi uku na fara juya hannun a hankali. Ina ganin bakan yana raguwa, na ƙara rabin juyi. Ta karye daidai ramin ƙusa na farko, inda na bar bakin ramin da kaifi ban share shi ba. Na san ƙarfen da bai sha sassautawa ba kamar gilashi yake, kwana shida da suka wuce ma na ga ƙarshen mai 62 da idona. Na daɗe zaune da gutsattsarin biyu a hannu. Abin ya yi mini ciwo, domin siffarta ce ta fi kyau a cikin ukun.

Da na natsu na ga dalilan karkatar guda biyu ne. Irin wannan siririn ƙarfe a naɗe ake yin sa kafin a miƙe a yanka, yana zuwa da matsi a ɓoye, ni kuwa ban yi masa gashin saki ba, wato awa biyu a wajen 650 a bar shi ya huce a hankali. Na biyu, juyin da ke faruwa cikin ƙanƙara yana ɗan ƙara girman ƙarfe, in babu abin da ya riƙe ruwan sai ya bi duk inda ya fi masa sauƙi.

3 ga Maris

Baba ya auna ƙotar biyun da suka rage: 60 da 60.

8 ga Maris

Wasawa. Burina kauri ya taso daga milimita 2 a bakin ƙota ya gangaro a hankali zuwa wajen 0.6 kusa da tsini, don lanƙwasar ta taru a kashi ɗaya cikin uku na gaba, gindin kuma ya tsaya da ƙarfinsa.

A wuƙa ta farko na ƙona tsini. Bel ɗin injin wasa ya tsufa, na ƙi canza shi don in yi tattali, sai na riƙa dannawa. Daƙiƙa ɗaya tsinin ya yi ruwan ƙasa. A ƙarfe mara tsatsa launi yana makara, ba ya fitowa sai zafi ya haura na ƙarfe mai tsatsa sosai, don haka duk inda ya nuna ya riga ya wuce 200 ɗin da na sassauta a kai da nisa. Na gwada wurin a kan sandar tagulla, bakin ya naɗe bai dawo ba. Dole na yanke milimita 8 na sake fitar da tsini. Wuƙar ta koma santimita 17 da 'yan kai.

Ta biyu: sabon bel, gudun inji a ƙasa, babu safar hannu don yatsuna su ji zafi kafin ƙarfe ya ji, tsomawa a ruwa bayan kowace wucewa. Awa uku ta ci, babu launi ko ɗigo.

12 ga Maris

Gogewa da hannu, daga takardar gogewa mai lamba 220 zuwa 600. Babu wani labari.

15 ga Maris

Na matse ƙotar ta biyu, na ja tsini gefe har ya yi wajen digiri 60, na saki. Ta dawo sak, na ɗora ta a kan gilashi babu haske a ƙarƙashinta. Sau 20 kowane ɓangare, haka. Ta farko ta fi ta tauri a hannu, ko da yake gashinsu ɗaya ne kuma lambarsu ɗaya. Na auna, tsakiyarta ya fi kauri da milimita 0.2 kawai. Za ta koma inji.

Gwajin tsatsa: na fesa musu ruwan gishiri na bar su kwana ɗaya. Ta biyu tas. Ta farko ta fito da 'yan ɗigo ja guda biyar a gefe ɗaya, duk a layi. Da farko gabana ya faɗi, na zaci ƙonewar ce ta taɓa kuromiyam. Amma ɗigon ba kusa da tsini suke ba, kuma da na goge babu rami a ƙarƙashi. Tsohon bel ɗin nan ne, na taɓa wasa ƙarfe mai tsatsa da shi, ya dasa ɓurɓushinsa a fatar wuƙar, su ne suka yi tsatsa. Na goge da sabuwar takarda, na wanke, na bar ta kwana biyu a iska don siririyar fatar kariya da kuromiyam ke yi da oksijin ta sake rufewa, sannan in maimaita gwajin. Na ware bel da takardun ƙarfe mara tsatsa a akwati daban.

19 ga Maris

An maimaita ruwan gishiri, babu ɗigo. Na rage tsakiyar ta farko, yanzu tana bin 'yar'uwarta.

Abin da ya tafi zuwa yau: sanduna biyu, fiye da rabin naɗin takardar ƙarfe, bel bakwai, sayen ƙanƙara sau huɗu, da kunna tanderu sau shida, kowanne da doguwar jira. Abin da ke hannu: wuƙaƙe biyu a 60, ɗaya ta gajarce. Bel ne ya fi cin kuɗi, kuma yawancinsa ya tafi ne wajen cinye kaurin da ban bukata tun farko. Zagaye na gaba da milimita 1.5 zan fara.

Ina so in gwada 14C28N, wani ƙarfen wuƙa mara tsatsa, kusa da AEB-L, saboda kuromiyam ɗinsa kashi 14 ne kuma yana da ɗan naitirojin, abin da ya dace da wuƙar da za ta yini a jiƙe. Shi ma sai ya bi ta gutsattsari tukuna, ba zan ɗauki lambobin wannan in ɗora masa ba. Gashin saki a 650 zai shiga kafin taurarawa, bakin kowane rami zai sha sharewa, ruwan kuma zai shiga ƙanƙara a ɗaure tsakanin miƙaƙƙun ƙarafa biyu.

Gobe in sha Allah ƙota. Na riga na yanka katakon, saura in huda shi daidai da ramukan.